Buton Ɗin Danje

Aikina a ramin haƙar ma'adinin uraniyom na Akokan rubutu ne, amma na fenti. Shekaru da yawa ni nake buga gargaɗi a jikin ƙofofi da bututu da akwatunan wuta: nan akwai hatsari, nan ba a shiga, nan a sa hular ƙarfe. Ina da wasu fallayen kwano da aka yanke kalmomin Faransanci a jikinsu. Sai in manna ɗaya a bango, in shafa fenti, in ɗaga, kalma ta fito tsaf kamar inji ya buga ta. Da aka rufe ramin, shef ɗinmu, wato shugaban aiki, ya dubi tarin fallayen nan ya ce in tafi da su, tunda babu sauran wanda za a yi wa gargaɗi. Na zuba su a buhu, na aza a keke, na nufi gida Arlit.

Mai ɗakina ta buɗe buhun, ta ɗago ɗaya ta duba, ta ajiye.

Ta ce, "Malam, mazan mutane sun fito da firiji da gado, kai kuma ka fito mana da kada-a-shiga."



Maƙwabcina Ba'adare ne daga Tawa, aikin lantarki ya yi a ramin nan guda da ni. Mutum ne mai gaskiya wanda dariya ke yi wa wuya. Tun da aka sallame mu ya kafa tebur a ƙofar gida yana gyaran rediyo, daga baya kuma ya shiga haɗa ampili, akwatin nan da ake jona wa gitar don muryarta ta cika fili. Daga cikin matattun talabijin da rediyo yake tsinto kayan. Hannunsa kuwa na da albarka, duk abin da ya haɗa sai ya yi magana. Matsalar ɗaya ce: in ya gama, duk abin da ke kusa da shi a ciki yake zuba aikin. Na ga ampili a kwalin sabulu. Na ga wani a babban gwangwanin madara, wayoyi sun leƙo waje kamar hanjin akuya a mahauta. In kana son ƙara murya, wani ɗan tsinken ƙarfe za ka kama da awartaki ka murɗa, kana addu'a kada ya ja ka.

Wata rana da hantsi ina zaune wajensa muna shayi sai ga wani makaɗin gitar, Ba'abzine dogo mai shuɗin rawani, shugaban wata ƙungiya da ke kiɗan biki daga Arlit har Iferwan. Ya ji labarin maƙwabcina. Aka jona masa gitarsa, ya taɓa tsirkiya, ya lumshe ido. Ya daɗe yana kaɗawa, har matan da ke wucewa da jarka suka tsaya. Sannan ya buɗe ido, ya ga kwalin sabulu.

Ya kira maƙwabcina da lakabin gwanaye, ya ce, "Metir, murya yana da daɗi, wallahi. Amma in na kai wannan gidan biki, mata zai yi mini dariya har shekara."

Ashe abokin hamayyarsa ne ya sauko da wata baƙar na'ura daga Tamanrasat, fuskarta cike da buton da 'yan fitilu masu ƙyaftawa. Tun kafin a fara kiɗa jama'a ke taruwa suna kallonta. Bukukuwa sun fara komawa can.

Maƙwabcina ya ɓata rai. Ya ce, "Kiɗi da kunne aka jin shi, ba da ido ba."

Ni kuwa da na yi watanni ba wanda ya nemi ra'ayina a kan komai, na ajiye kofin shayi na ce, "Ba'adare, tun kakanni aka ce gani ya kori ji. Kai ka yi ciki, ni in yi fuska."

Haka na shiga sana'ar da ban san akwai ta ba.

Wajen 'yan gwangwan na samo ƙofar wani mataccen firiji, na ɓamɓare fallen alminiyon da ke jikinta. Da na shigo da ita gida mai ɗakina ta ce to, an fara da ƙofa, Allah ya kawo sauran. Na auna da regil, na ja layi da ƙusa, na yanka da zarto, na bi bakin da magagari har ya daina yankar hannu. Hudawa ce ta ba ni wahala. Shinyol ɗin hannu gare ni, mahudin nan da ake juyawa, kuma alminiyon santsi gare shi, in ba ka fara dasa ƙusa ka buga ɗan gurbi ba, bakin shinyol sai ya zame ya tafi yawo. Na ɓata falle guda kafin in gane haka. Na biyun da na gama hudawa, na jiƙa tsumma, na dangwali rairayi, na yi ta gogawa ta fuska ɗaya, dama zuwa hagu, har ƙarfen ya fitar da wasu siraran layuka masu sheƙi. Rairayi dai shi ne abin da ba a taɓa rasawa a Arlit ba. Shi ne kuma ya zama abokin gabata wajen fenti, don da na shafa baƙi na shanya a tsakar gida, kafin ya bushe ya koma kamar bayan kada. Na kankare, na sake shafawa, na kai shi ɗaka na shimfiɗa a kan gado, na sauke masa gidan sauro. Ranar ni na yi ƙailula a tabarma, fallen firiji yana kwance a katifa.

Ampilin maƙwabcina buton uku yake bukata: na kunnawa, na ƙara murya, da na kaurinta. Na huda uku. Makaɗin ya zo dubawa, ya ƙirga da yatsa, ya dube ni kamar na zage shi.

Ya ce, "Uku? Na wancan mutum ya wuce ashirin."

Maƙwabcina ya ce, "To mi za ni haɗa ma sauran? Babu abin haɗawa."

"Kada ka haɗa komai. Ka sa shi kawai."

Maƙwabcina ya ce shi ba da hannunsa ba. Ni na ce da nawa. Na cika fallen nan da huda, layi biyu. Kowace huda na zura mata ƙusa mai noti, na sa guntun robar tayar keke a tsakani, don in an murɗa a ji ɗan nauyi a hannu irin na abin kirki. Kawunan kuwa na tara su daga ko'ina: marfin man goge haƙori, marfin kwalbar turare, kan tsohuwar fanka. Guda ɗaya babba ne ja, daga wani mataccen murhun gas. Shi na sa a ƙarshen layi.

Saura rubutu. Buton ba suna ai maraya ne. Na zazzage buhuna, na tsamo ƙananan fallayen da nake yi wa akwatunan wuta aiki da su. Kalmomin da ke akwai su ke akwai. Ƙarƙashin wani na buga MONTÉE, wato hawa, na kusa da shi DESCENTE, wato sauka. Wani ya sami VENTILATION, wani POMPE. Babban jan nan kuwa ba abin da ya dace da shi sai DANGER, wato hatsari, wanda bakinmu ke cewa danje. A kusurwa wuri ya yi fili, sai na buga alamar nan mai kama da fanka mai fiffike uku, baƙa a kan rawaya, alamar gubar ma'adini, wadda duk ɗan Arlit ya tashi yana gani a jikin ganga da shinge.

Ranar da muka ɗaura fuskar a akwatin katako, har maƙwabcina ya tsaya yana kallo, kafin ya tuna cewa fushi yake yi. Muka zaunar da makaɗin muka yi masa bayani dalla-dalla. Na ɗiga farin fenti a kan ukun da ke aiki, na ce masa sauran ado ne, ba su jone da komai. Maƙwabcina ya buɗe bayan akwatin ya nuna masa ƙusoshin a tsirara.

Makaɗin ya ce, "Na gane, Metir." Idonsa na kan jan buton.

Bikin farko a unguwar Bukoki aka yi shi, bayan la'asar. An shimfiɗa tabarmi a titi, an tayar da gurup mai ba da wuta, mata sun zauna gefe guda cikin lufaya kala-kala. Ni da maƙwabcina muka tsaya baya. Tun kafin a taɓa gitar samari suka kewaye akwatin suna karanta rubutun da ƙarfi, waɗanda suka yi lakwal, wato boko, suna fassara wa waɗanda ba su yi ba. Aka fara kiɗa. Muryar ta fita garau, ta haye rufin gidaje. Na dubi maƙwabcina na ga yana gyaɗa kai.

Da rawa ta yi zafi, makaɗin ya daina kaɗawa. Ya sunkuya, ya aza hannu a kan jan buton, ya ɗago ya dubi jama'a. Wuri ya yi tsit, sai ƙarar gurup. Ya murɗa shi a hankali, a hankali, kamar mai buɗe ɗakin kura. Sannan ya miƙe ya daki tsirkiya da dukan ƙarfinsa, mai ganga ya ninka sauri, mata suka rangaɗa guɗa, fili ya rikice. Wani dattijo da na san yana fama da baya ya jefar da sanda ya shiga.

Wani tsohon abokin aikinmu ya dafa ni yana haki. Ya ce, "Ka ji? Har cikin haƙorana na ji shi!"

Maƙwabcina ya ce masa, "Ba ka ji komi ba. Ƙusa ce."

Mutumin ya yi murmushin wanda ya san sirri, ya ce, "Haka ne, Metir. Ƙusa ce." Ya ƙifta masa ido.

Daga ranar babu bikin da za a yi a garin ba a ji ana ihu ba: "A murɗa danje! A murɗa danje!" Yara suka mai da shi waƙar wasa. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, suka fara faɗa wa juna in za a hau tudu. Masana kuma suka fito, don ba a rasa su. Wani ya ce ƙarfen fuskar daga can ƙasan rami aka fito da shi, ya sha ma'adini ya ƙoshi, shi ya sa yake tura murya. Wani ya ce ba haka ba ne, a cikin jan buton ɗin kansa aka ɗura garin ma'adinin. Wata tsohuwa a layinmu ta ce tun da ta zauna kusa da akwatin gwiwarta ta yi sauƙi, ta tambaye ni ko zan yanko mata ɗan guntu ta ɗaura. Na rantse mata ƙofar firiji ce. Ta ce ai ta sani ba zan faɗa ba, ita ma tana da sirrin kunun da ba ta gaya wa kowa.

Aiki ya buɗe mini. Masu gitar suka yi ta zuwa, har da waɗanda ampilinsu na kanti ne lafiyayye, a cire fuskar kamfani a sa tawa. Na ƙare ƙofofin firijin 'yan gwangwan na koma kan tsofaffin faranti da gefen wata motar bas. Hannuna ya faɗa, na koyi huda layi a miƙe, na koyi zana 'yan gajerun layuka kewaye da kowane buton da bakin gashin kaza. Shi kansa abokin hamayyar nan ya ɗauko baƙar na'urarsa ta Tamanrasat a lulluɓe da bargo, ya shigo ta ƙofar baya, ya ce a dasa mata danje, kada kowa ya ji. Ba wurin huda a jikinta, sai na liƙa masa da kol. Ya tambaye ni ko na liƙawa yana kai na hudawa ƙarfi. Na ce duk ɗaya ne, kuma ban yi ƙarya ba.

Wanda abin ya dama shi ne maƙwabcina. Shi ke kwana biyu yana naɗa waya, dalma na ƙona masa yatsu, amma in muka shiga kasuwa ni ake ɗaga wa hannu.

Ya ce mini, "Badamagare, ni ka yin aiki, kai aka gaisuwa. Wanga gari ya lalace. Mutane sun bar abin da ka magana sun bi huska."

Na ce, "Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, Ba'adare."

Ya ce, "Tabarma dai aka zama kanta."

Sai ya yanke shawara. Tunda jama'a sun nace danje yana aiki, to zai sa shi ya yi aiki, ko ya huta da jin kunyar ƙarya a jikin akwatinsa. Ya samo cikin wata rediyon Sin mai makirfo, irin wadda ke maimaita murya, ya yi ta fama da ita har ya haɗa wani abu. Ya karɓo ampilin makaɗin ya ce zai share masa ciki. Ya cire ƙusata daga bayan jan buton, ya sa na gaske, ya jona wayoyi. Da muka gwada a tsakar gida, gashin jikina ya tashi. In ka murɗa, muryar gitar sai ta buɗe, ta tafi ta dawo, kamar ana kiɗa a tsakanin duwatsun Abzin. Ban taɓa jin abu mai daɗi haka ya fito daga hannun mutumin da na sani ba.

Da makaɗin ya zo ɗauka yana sauri, maƙwabcina ya ce masa cikin alfahari, "Danje naka yanzu shina aiki."

Makaɗin ya ce, "Da ma yana aiki," ya aza akwatin a moto ya tafi.

Bikin na 'yar wani ɗan kasuwa ne, an cika fili. Muka je da wuri, maƙwabcina har da sabuwar riga. Rawa ta yi zafi, aka fara ihun a murɗa danje. Makaɗin ya sunkuya, ya dubi jama'a, ya murɗa, ya daki tsirkiya. Murya ta tashi, ta faɗaɗa, ta dawo tana bin kanta. Makaɗin kansa ya ja da baya. Mai ganga ya rasa inda zai sa hannu, don kiɗa ɗaya yake ji sau uku. Masu rawa suka tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ba guɗa, ba tafi.

Wata murya daga cikin mata ta ce, "Danje ya lalace!"

Magana ta bi fili. Uwar amarya ta aiko a tambaya ko don an raina su ne aka kawo musu mai ciwo. Tsohon abokin aikinmu mai haƙora ya zo ya ce mana ma'adinin ne ya ƙare, dole a sake ɗurawa. Na waiga in yi wa maƙwabcina magana, na tarar ya kama hanyar gida, sabuwar rigarsa na kaɗawa.

Washegari da safe makaɗin ya sauke akwatin a kan tebur.

Ya ce, "Metir, ni ban yi maka laifi ba. Ka mayar mini da shi yadda yake."

Maƙwabcina ya jawo shi gabansa. Ya kwance bayan akwatin, ya ɗauki almakashi, ya datse wayoyi biyu a gaban idon mutumin, ya ɗaga guntayen ya nuna masa. Makaɗin ya jona gitar, ya murɗa jan buton, ya daki tsirkiya, ya lumshe ido.

Ya ce, "Yawwa. Ya dawo. Allah ya yi wa hannunka albarka."

Wannan ne karo na farko da wani ya sa wa hannun maƙwabcina albarka a kan aikin nan. Ya yi kwanaki ba ya amsa sallama da kyau.

Ba a daɗe ba aka gayyaci ƙungiyar wani biki a Agadas. Fentina ya ƙare, sai na bi su a bayan mota, ina zaune a kan bafil, akwatin lasifika. Hanyar nan kowa ya san ta, rabi kwalta rabi tarihi. Da azahar muka isa wani shingen jami'an tsaro. Shef ɗin wurin sabon zuwa ne daga kudu, saurayi mai tsabta, takalminsa na ƙyalli. Ya tambayi daga ina, aka ce Arlit. Ya ɗaga bargon da aka rufe kaya da shi. Ya ga fanka mai fiffike uku, baƙa a kan rawaya. Ya ga jan buton da abin da ke rubuce ƙarƙashinsa. Ya saki bargon, ya yi baya da sauri har ya taka ƙafar yaronsa.

Ya ce kowa ya sauka. Ya sa aka ɗauki akwatin aka kai shi can nesa cikin rairayi, aka ajiye shi shi kaɗai. Ya hana kowa matsawa. Sannan ya tambayi wanda ya san abin da ke ciki. Duka suka nuna ni.

Na ce, "Shef, ampili ne. Na gitar. Ni na yi rubutun da hannuna."

Ya ce, "Tsoho, ka san abin da alamar nan take nufi?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Na buga ta fiye da yadda zan iya tunawa."

"To wane mai hankali ne zai rubuta hatsari a kan abin da ba shi da hatsari?"

Na tsaya ina kallonsa. Shekara da shekaru ina buga kalmar nan a wuraren da mutum zai iya mutuwa. Na ga an jingina keke a jikinta. Na ga an shanya riga a kanta, na ga an zauna ƙarƙashinta ana cin shinkafa. Yau ga mutum na farko a duniya da ya karanta rubutuna ya yarda da shi, kuma a kan ƙofar firiji. Na ji kamar in rungume shi.

Makaɗin ne ya kawo mafita. Ya ce a bar shi ya nuna. Aka ciro batirin mota, aka ja waya, ya zauna a rairayi ya fara kaɗawa. Direbobin kamiyon da ke jira a layi suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Mai sayar da shayi ya bar tukunyarsa. Shef yana tsaye nesa, hannu a baya. Can ya matso kaɗan. Ya ƙara matsowa. Wani direba ɗan garinmu ya yi ihu a murɗa danje, sauran suka ɗauka. Makaɗin ya dubi shef, ya nuna masa buton ɗin da hannu cikin girmamawa.

Shef ya fara taɓa shi da bakin biro. Da ya ga bai mutu ba, ya sa yatsu biyu ya murɗa. Makaɗin ya daki tsirkiya, direbobi suka hau tsalle, ƙura ta tashi.

Shef ya miƙe, ya gyara bel, ya ce, "Lalle akwai bambanci."

Ya sake mu, amma da sharaɗin a liƙa sikoc a rufe alamar fankar har mu shiga gari. Da na dawo na ba maƙwabcina labari, ya ce shi ba abin da zai ƙara ba shi mamaki, sai dai tashin kiyama.

Sau ɗaya na ga farin ciki ya dawo masa. Wani tela ne Bamaraɗe, dattijon wata 'yar majami'a da ke bayan tasha, ya zo neman ampili don piyanon da suke waƙa da shi ran Lahadi. Mutum mai sanyin magana. Na fara jero masa abin da zan iya sa wa fuskar, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "A'a, Malam. Mu ba mu da yawa, ɗakin ma ƙarami ne. Na kunnawa da na ƙara murya sun isa. Ba ma son abin da ba ya aiki."

Maƙwabcina ya tashi tsaye ya sake ba shi hannu. Ya ce, "Baba, kai kaɗai ka rage cikin garin ga." Ya ba shi kofin farko na shayi. Ya zauna ya haɗa ampilin da ya fi duk wanda ya taɓa yi, yana aiki yana 'yar waƙa a hanci. Ni ma na zage. Na goge fallen har ina ganin gemuna a ciki, ban shafa fenti ba, na huda biyu tak, na rubuta da hannu cikin Hausa, Kunna da Ƙara. Ya yi kyau irin na farar riga.

Bayan Lahadi biyu sai ga tela da akwatin a ƙarƙashin hammata. Ya yi sallama, ya zauna, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, ya sake tambayar iyali. Maƙwabcina ya ce ko wani abu ya ƙone.

Ya ce, "Ko kaɗan. Lafiya lau yake. Sai dai matan zumunta sun yi magana. Sun ce in baƙi suka zo daga Agadas suka ga buton biyu, za a ce mun talauce. Samari kuma sun ce muryar ba ta da ƙarfi kamar ta gidan biki." Ya sunkuyar da kai. "Ko za a ɗan ƙara mana kaɗan? Amma don Allah ban da danje. Bai dace da wurin ba."

Na jawo buhu na zazzage a ƙasa. Yawancin kalmomin duk na ba wasu. Can ƙasa na tsinci wani falle da ban taɓa amfani da shi ba, don ya yi tsawo: SORTIE DE SECOURS. Tela ya juya shi a hannu ya tambayi ma'anarsa.

Na ce, "Ƙofar tsira."

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "To ai wannan namu ne."

Na saci kallon maƙwabcina, ina jiran ya kore mu daga teburinsa. Ya dubi farar fuskar ampilin telan. Sannan ya miƙa hannu, ya ɗauko shinyol, ya ba ni da kansa.

Ya ce, "Huda. Amma ka cire huskar tukuna, kada garin ƙarhe ya zuba min ciki."

Da damina ta kewayo ya kwashe iyalinsa ya koma Tawa, ya ce gara ya yi noma, don gero ba ya tambayar ado kafin ya fito. Teburinsa yana ƙofar gidana yanzu. Masu gitar suna sayo ampilinsu daga kanti su kawo mini, ni kuwa ban san komai game da ciki ba, ba na ko buɗe shi. Mukan yi waya da maƙwabcin nawa ran Juma'a. Yakan tambayi mai ɗakina da yara da zafin gari, in tambaye shi gona, mu yi sallama.